Nasiha a Kan Surorin Yumɓu na Ƙasar Nok

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci Adamu daga yumɓu, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen talikai. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, ku sani hanyar nan da ta ratsa Sabon Tasha, kudu da kogin Kaduna, ita ce ke zuwa Kaciya, ta zarce ƙasar Jaba inda ƙauyen Nok yake. A can ne masu haƙar kuza suka tono wata 'yar sura ta gasasshen yumɓu cikin shekarar 1928. Cikin 1943 kuma aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kan mutum na yumɓu daga wajen Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don tsorata ɓarnar dabbobi. Shi ya gane aikin mutanen farko ne, ya tara irinsu a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Masana sun auna, sun ce mafi yawansu an gina su shekaru ɗaruruwa kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu.

Ginin tukunya aka yi musu, cikinsu ba kome. An huda ido da hanci da baki, tururi ya sami mafita sa'ad da ake gashi, shi ya sa in haske ya faɗa wa fuskar sai ramin ido ya yi duhu, kai ka ce kallonka take yi. Wani yana durƙushe, wani ya ɗora haɓa bisa gwiwa, wani ya ɗaga hannu, ga kitso, ga duwatsun wuya da na hannu.

To, malamanmu na mazhabar Maliku sun ce haramun ne mutum ya ƙera surar abu mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Zane marar inuwa kuwa hukuncinsa ya fi sauƙi. Ni ban zo in sassauta wannan ba. Wanda ke son sana'ar yumɓu ga randa, ga tulu, ga kasko. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bisa naira 20, da tukwane ta yi suna har ƙasashen Turai. Amma ƙera abu mas'ala ce guda, samun sa a binne cikin gona mas'ala ce daban.

Wani zai ce gunki ne, a farfasa shi. Ina tambayarsa, wa ke yi masa sujada yau? Sahabbai sun ci Masar zamanin Sayyidina Umaru, suka tarar da gine-ginen Fir'aunoni da surorinsu, ga su nan tsaye har gobe. Alƙur'ani kuma ya yi kira, ba sau ɗaya ba, da a yi tafiya cikin ƙasa a duba ƙarshen mutanen da suka gabata. Wanda ya fasa shaida, me ya bar wa mai dubawa?

Wani kuma zai sayar wa dillalai a ɓoye, wannan ya fi muni. Cikin shekarun 1990 an yi ta tono ana ƙetarewa da su, har a shekarar 2000 aka ga waɗansu a gidan tarihi na Louvre a birnin Paris, alhali dokar 1979 ta hana fitar da irinsu ba da izini ba. Mai tonon dare yakan ɗauke kan, ya watsar da gawayi da tsingaron da ke tare da shi, waɗanda da su ake sanin shekarunsa da zaman masu shi. Ya ci amanar jama'a domin kuɗin kwana biyu.

Saboda haka wanda ya tarar da irin wannan, ya bar shi inda yake, ya gaya wa mai unguwa, a sanar da gidan tarihi na Kaduna da ke hanyar Ali Akilu. Malamai kuma ku kai almajiranku can, ku karantar da su hukuncin sura a gabanta, sa'an nan ku ce musu: waɗannan mutane sun narka ƙarfe, sun yi ado, ina suke yau?

Allah ya sa mu cikin masu wa'aztuwa. Wassalamu.