Ɗakin Iskar Oksijin Da Gyambon Masu Ciwon Suga

Wata ɗalibata ta ajin matan aure ce ta tsayar da ni bayan darasi, idonta ya ciko da hawaye. Mahaifiyarta na da ciwon suga, ƙusa ta soke ta a tafin ƙafa, wata huɗu ke nan ciwon ya ƙi warkewa, har likita ya fara maganar yanke yatsu. Yayanta ya ce a ƙasar waje akwai wani ɗakin iska da ke warkar da irin wannan gyambo, ita kuwa har ta fara tunanin sayar da sarƙar gwal ɗinta.

Maganin gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Ciwon suga yana lalata hanyoyin jini, sai iskar oksijin ta kasa isa bakin rauni. To, sai a shigar da majinyaci wani rufaffen ɗaki, a ƙara matsin iska ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na wanda muka saba, yana shaƙar oksijin zalla. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Zama ɗaya yakan kai minti 90, kuma akan yi zama 30 zuwa 40. Kunne kan toshe ko ya yi ciwo, suga kan sauka. Saboda gudun gobara ba a shiga da turare ko man shafawa a jiki, kun ga su Hajiya sai haƙuri.

Amma a 2015 masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara binciken da aka yi, suka ga gyambo ya fi saurin warkewa a makonni shida na farko, bayan shekara guda kuwa bambancin bai fito fili ba. Ko a Amurka, inshorar gwamnati ta tsofaffi ba ta biya sai rauni ya yi zurfi, kuma an yi kwana 30 ana jinyar da aka saba ba ci gaba.

Don haka na ce mata ta riƙe sarƙarta tukuna. Su koma wurin likita a auna ko jini na isa ƙafar, a kankare mataccen nama, a daidaita suga, Inna ta daina taka ƙafar. Ɗayar ƙafar kuma a riƙa duba ta bayan kowace alwala, a tsane tsakanin yatsu.