Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙananan Hukumomin Ingila

Ya ku shugabanni,

Tun da dokar 2017 ta wajabta muku agaza wa wanda ya cancanta, magidanci ne ko gwauro, idan yana fuskantar rasa muhalli cikin kwana 56 maimakon 28 na da, amanar da ke wuyanku ta ƙara nauyi. Yanzu kuma da dokar 2025 ta yi hukuncin soke sashe na 21 na dokar 1988, wanda ya halatta wa mai gida korar ɗan haya ba tare da hujja ba, lalle ku sa ido, domin azzalumi, da yake ba ya rasa hila, zai fake da tsawwala kuɗin haya ko da'awar sayar da gida. Ku ɗauki isassun masu bincike, ku sanar da 'yan haya haƙƙoƙinsu.

Wassalam.