Fasa Kwalba Ba Ya Warkar da Mashayi

'Yan'uwa cikin Almasihu, duk wanda yake zaune a ƙauyukanmu na wajen Bichi da Tsanyawa ya san inda dawar wasu gidaje take ƙarewa bayan kaka. Tukunyar burukutu ce take cinye ta. Kafin damina ta kankama rumbu ya zama wayam, maigida ya koma awo, yara kuwa an koro su daga makaranta saboda kuɗi.

Tun da aka kafa Hukumar Hisba a Kano a 2003, muna jin labarin kwalaben giya da ake farfasawa. A 2024 kuma NAFDAC ta tashi hana sayar da barasar leda. To, amma wa ya taɓa zuwa ya ƙidaya mashayanmu? Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 suna shan miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, amma ba a sa giya cikin wannan adadi ba. Amurka kuwa tun 1970 ta kafa cibiya musamman don binciken cutar shan giya, da kuɗin gwamnati.

Giya cuta ce da take cin hanta. Wanda ya daɗe cikinta, idan ya bari farat ɗaya, yakan kama makyarkyata da gane-gane, har ya yi ta faɗuwa kamar mai farfaɗiya, wani ma ya rasa ransa. Irin wannan yana bukatar addu'armu, yana kuma bukatar likita. Ga asibitin Dawanau kusa da mu, amma kunya tana hana mu kai namu, wai kada a ce mahaukaci ne.

Saboda haka ina roƙon gwamnati ta ba likitocin Jami'ar Bayero kuɗi su shigo karkara, su gano yawan masu sha, da shekarun da yaro yake farawa, da sana'ar da za ta riƙe gwauruwar da take dafa giya don ta ciyar da marayunta. Mu ma ikilisiya mu buɗe musu ƙofa. Zumuntar Mata ta fi kowa sanin gidajen da ake kuka da dare. In sun zo tambaya, mu faɗi gaskiya. Mai ɓoye ciwonsa, ai shi yake hana kansa magani.