Mu Je Mu Gani Kafin Mu Rushe



A wani ƙauye kusa da Illo na tarar da dattawan ikilisiya suna shawarar rushe tsohuwar majami'arsu ta ƙasa, su ci bashi a asusun ƙungiyar gama kai, su gina ta siminti. Na ce su dakata tukuna. Ga dalilina.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin suna da fadojin sarakunan Dahomey a Abomey. Ginin ƙasa ne, irin jar ƙasar da muke takawa kullum. Jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa sukan tsaya a Kwatano, baƙi su sauko, su shiga mota su yi tafiyar sa'o'i don su ga wannan gini. Tun 1985 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya. A 2021 kuma Faransa ta mayar wa Benin kayan sarauta 26 da sojojinta suka kwashe daga can. Abin da muke rainawa, shi wasu suke biyan kuɗi su gani.

Mu ma muna da namu. A Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta, wanda aka gina a 1831. Nan ne fadar Sarki har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. A Wusasa, kusa da Zariya, majami'ar Bartholomew mai tsarki tana nan tun 1929, magina Hausawa ne suka ɗora ta da ƙasa. Me ya tsare waɗannan gine-gine? Yaɓe a kan kari, da gyaran indararo kafin damina ta faɗi.

Wani zai ce, "Malam, yawon buɗe ido na mai kuɗi ne." Gaskiya ne, kuɗin mota ba wasa ba. Amma bashin siminti ya fi shi nauyi, kuma daga kuɗin taki da iri za a biya shi. In ginin ya tsage har yana barazana ga rai, to, a sāke shi. In kuwa yaɓe kawai yake bukata, me ya sa za mu sayar da shinkafar shekara biyu?

Ga shawarata. Bayan kaka, kowace ƙungiya ta ware buhu ɗaya, ta zaɓi mutum huɗu: dattijo, mace, saurayi, da magini. Su je Argungu, tunda ita ce kusa, su dubi kaurin bango, su tambayi masu kula da wurin yadda ake gyaransa. In za a bi ta kogin Kwara, kada a cika jirgi fiye da kima, kada a yi tafiyar dare.

Idan sun komo, su ba da labari a taron ƙungiya, sa'an nan a yanke shawara. Gani ya kori ji.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.