A Rubuta Labarin Farin 1973 Tun Shaidu Suna Raye

In aka umurci ɗalibinmu ya rubuta wa jarida labarin wata masifa ta tarihi, sai ya doshi guguwar Katrina, wadda ambaliyarta ta cinye birnin New Orleans na Amurka a 2005. Ba laifinsa ba ne, ita aka tanadar masa a littattafai da intanet.

To, farin 1973 fa? Dattawan Birnin Tsaba da Zurmi da Shinkafi sun ga gero ya bushe a tsaye, dabbobi suna faɗuwa. Magidancin wancan lokaci yau ya haura saba'in. Shaidun yunwar Kakalaba ta 1914 kuwa babu sauran ko ɗaya.

Lalle hanyoyin yankin ba lafiya saboda 'yan bindiga. Amma cikin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Ƙaura Namoda akwai jikokin waɗannan dattawa, masu zuwa gida hutu. Ya kamata malamai su ɗora musu aikin. Su tambayo yaushe ruwa ya ɗauke, nawa aka sayi tiyar gero a shekarar da naira ta maye gurbin fam, kuma me aka ci da rumbu ya ƙare.