DA AKA YANKE SABIS A MAIRUWA, ME MUKA RASA?



Ya 'yan'uwa, muna son mu tuna muku wani abu da ya faru a kan idonmu. A watan Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa duk suna ciki, haka ma Funtuwa. Mutanen Mairuwa suka wayi gari ga waya a hannu, amma ba ta da maraba da dutse. Watanni aka yi a haka.

Ba mu ce abin ya yi daɗi ba. Mai haihuwa ta rasa yadda za a kira mata mota cikin dare. Ɗan kasuwa ya kasa tura kuɗi. Wanda ɗansa yake Legas sai ya yi tafiya mai nisa neman inda sabis yake kafin ya ji muryarsa. Garin da aka kawo wa hari ba shi da hanyar neman ɗauki. Wannan wahala ce ta gaskiya.

To amma kowa ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: me ya rasa a waɗannan watanni? Kiran gaggawa, da tura kuɗi, da jin lafiyar dangi, da sanin farashin masara. Duk wannan ba ya cin rabin awa a yini. Shin akwai wanda aka kwantar a asibiti don bai kalli TikTok ba? Akwai gonar da ta lalace don mai ita bai shiga Facebook ba? Ashe an ware mana tsaba da ƙaiƙayi a fili, amma da sabis ya dawo sai muka bar tsabar muka rungumi ƙaiƙayin.

Mu yi lissafi. Wanda yake awa 3 kullum yana latse-latsen banza, a shekara ya ƙona awa 1,095, wato sama da kwana 45, dare da rana. Alƙur'ani izu 60 ne. Mai karanta izu ɗaya kullum zai sauke cikin wata biyu. Ga saurayi nan ya san rigimar kowace 'yar fim, amma bai san abin da yake warware alwala ba. Ga magidanci ya kai ƙarfe biyun dare a kan waya, asuba ta wuce shi, hantsi ya same shi a kan gado ana tsakiyar noman farko. Ga uwa tuwo yana ƙonewa, yaro yana kuka, ido yana kan bidiyo. Kuma da kuɗinmu muke sayen wannan asara, domin a Janairu 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mutum ya ce ba shi da kuɗin taki, amma datarsa ba ta yankewa!

Kada wani ya zaci raunin zuciyarsa ne kaɗai. Tarko ne aka ɗana da gangan. Waɗannan kamfanoni da talla suke samun kuɗi, gwargwadon daɗewarka gwargwadon ribarsu. Na'urarsu tana lura da abin da ka tsaya ka kalla, sai ta ƙaro maka irinsa, ba ta damu ko alheri ne ko alfasha ba. Ba'amurken nan Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ake ja ba ya ƙarewa a 2006, da bakinsa ya nuna nadama daga baya. A ƙasar Sin kuwa, cikin wannan Satumba ta 2021 da aka yanke mana sabis, kamfanin da ya mallaki TikTok ya ƙayyade wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 kacal a yini a kan Douyin, wato TikTok ɗinsu na gida. Mai dafa abincin yana auna wa 'ya'yansa da cokali, mu kuwa mun miƙa wa namu tukunyar.

Wani zai ce, "Ai wa'azi nake saurara." Madalla. Wane littafi ka sauke? Wa ya yi maka gyara? In abin da kake bi shi ne guntun bidiyon malam wane ya yi wa malam wane raddi, ka shiga ƙasa kana zagin wanda ya haife ka a ilimi, to wannan kallon dambe ne aka naɗa masa rawani. Wannan magana da mu 'yan'uwa muke yi kafin kowa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani kuma zai ce, "Labarin tsaro nake bibiya." Mu da muka ga an kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020 ba za a koya mana muhimmancin labari ba. Amma tura hoton gawar Musulmi zaure-zaure ba tsaro ba ne, keta alfarma ne. Yaɗa jita-jitar "ga su nan zuwa" ba tare da bincike ba yana sa ranar da abin ya zama gaskiya babu mai motsi. Ɗan sintirin da idonsa yake kan waya ba gadi yake ba, fitila ya kunna wa maƙiyi. Abin kunya, har ɓarayin dajin sun fito TikTok suna baje kuɗin fansa, 'ya'yanmu suna kallo suna yaba musu.

Ba mu haramta waya ba, ba mu da wannan hurumin. Wuƙa ce, ana yanka rago da ita, ana yanke hannu. Kiranmu shi ne kowa ya yanke wa kansa sabis da hankali, kafin asara ta yanke masa:

1. Daga kiran salla har a idar, waya a aljihu, a rufe bakinta.
2. Bayan isha'i a bar layi a buɗe saboda kiran gaggawa, amma a kashe data.
3. Kafin ka kunna data ka san abin da za ka yi. Ka gama, ka kashe.
4. A fita daga duk zauren da ba ya ƙara ilimi ko sana'a ko zumunci.
5. Kada a ba yaro babbar waya shi kaɗai a ɗaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma uban ya fara da kansa.
6. Awar da aka ceto a kai ta makarantar dare, ko gona, ko gaida mara lafiya.

Ya 'yan'uwa, data in ta ƙare ana sake saye, batir in ya mutu ana kai shi caji. Yinin da ya wuce kuwa babu shagon da ake sayar da shi, kuma za a tambaye mu a kansa.

Allah ya sa albarka a lokacinmu, ya shirya zuriyarmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Mairuwa da sauran garuruwanmu.