Dashen ɓargo ba ya gyara ɓarnar da aka yi tun farko

A bara 'yan'uwa a Zakka suka kira ni kan ɗan yayata mai fama da sankarar kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma. An fara yi masa magani ya samu sauƙi, sai kuɗi suka ƙare, hanya kuma ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, aka tsallake zagaye biyu na allurar. Bayan wata biyar kumburin ya dawo. Shawarar dangi ita ce a sayar da gona a kai shi Indiya a yi masa dashen ɓargo. Na ce a dakata, wasu suka ga kamar rowa ce.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake. A dashen da aka fi yi wa masu wannan cuta, ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin a adana, a ba shi magani mai tsananin ƙarfi wanda ke ƙone ɓargo, sannan a mayar masa da ƙwayoyinsa domin ɓargon ya farfaɗo. Ke nan maganin ne ke kashe cutar, dashen ceto ne kawai. Idan sankarar ta daina jin magani, da wuya dashen ya amfana.

Binciken PARMA na 1995 ya nuna cewa a cikin waɗanda cutarsu ta dawo amma tana jin magani, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashe sun kai shekara biyar ba ta sake tashi ba, alhali waɗanda ba a yi wa ba kashi 12 ne. Shi kuwa binciken SCHOLAR-1 na 2017 ya gano cewa rabin waɗanda cutarsu ta bijire wa magani sun rasu cikin kimanin wata shida.

Nijeriya ta fara dashen ɓargo a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga mai cutar sikila. Abin alfahari ne, amma ba shi ne matsalar mutumin Safana ko Batsari ba. Matsalarsa ita ce a yanki tsoka a auna da wuri, a samu maganin farko mai inganci, a kuma kammala shi ba yankewa, ko a Katsina, ko Shika, ko Kano.

Don haka ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina da masu hannu da shuni: kuɗin da za a kai mutum ɗaya waje zai biya wa mutane da dama magani da kuɗin mota har su gama. Mu ma da muka yi boko, kafin mu buɗe asusun neman taimako, mu tambayi likita abu ɗaya: shin cutar tana jin magani har yanzu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gonar yayata tana nan, yaron kuma ya koma kan magani. Allah Ya ba shi lafiya.